Ta Spafford ce ko ta Sankey? Muhawara kan Philip Bliss da waƙoƙinsa

Bulus Kwayamasta
Salama 'yan'uwa. Wani abu ya tsaya mini a wuya tun ranar Asabar, bari in amayar da shi a nan. Mun je jana'izar wata uwa tamu, aka ba kwayarmu waƙar nan It Is Well with My Soul. Kafin mu miƙe, mai jagorar sujada ya karɓi makirufo ya ba da tarihinta: wai wani Bature ne 'ya'yansa suka nutse a teku, ya zauna a jirgi ya rubuta kalmomin, ya ɗora musu murya nan take. Na duba takardar tsarin sujada, sai na ga an rubuta "waƙar Sankey". Na ja bakina na yi shiru, gidan makoki ba wurin gyaran tarihi ba ne.

Amma a nan zan faɗa. Mai kalmomi daban, mai murya daban, kuma babu Sankey a cikinsu. Kalmomin na Horatio Spafford ne, wani lauya a Chicago. A watan Nuwamba 1873 ya sa matarsa Anna da 'ya'yansu mata 4 a jirgin ruwan Faransa mai suna Ville du Havre, shi kuwa aiki ya riƙe shi a gida. Ranar 22 ga wata wani jirgi, Loch Earn, ya yi karo da su a tsakiyar tekun Atlantika. Mutum 226 suka mutu, har da yaran duka. Uwar aka tsamo da rai. Muryar da muke rerawa kuwa Philip Bliss ne ya yi ta a 1876, ya raɗa mata sunan jirgin. Shekarar ba ta ƙare ba shi ma ya mutu a hatsarin jirgin ƙasa, yana da shekara 38.

Yaya aka yi muke rera waƙoƙin mutumin nan Lahadi bayan Lahadi ba mu san ko sunansa ba?

Rifkatu
Kai, Kawu Bulus! Ni dai tun ina Makarantar Lahadi duk waƙar da ke cikin littafin nan sunanta waƙar Sankey. Ashe kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Bulus Kwayamasta
Kar ki mai da Sankey gardi, 'yata, abokinsa ne na ƙut da ƙut. Ira Sankey shi ne mawaƙin da ke bin mai bishara D. L. Moody. Da suka tafi Birtaniya wa'azi daga 1873 zuwa 1875, waƙoƙin Bliss na cikin waɗanda ya fi rerawa. Jama'a suka dame shi da neman kalmomin, sai aka buga ɗan littafi a Landan, Sacred Songs and Solos, wanda ya yi ta kumbura har ya kai waƙa 1,200. Sunan Sankey ne a bango, shi ya sa. Buɗe naki ki duba ƙananan haruffan da ke saman waƙa, za ki yi ta cin karo da P. P. Bliss: Hold the Fort, Wonderful Words of Life, Dare to Be a Daniel, Almost Persuaded, Jesus Loves Even Me. Waɗannan duka kalmomi da murya nasa ne.

Dattijo Istifanus
Bulus, na gode da gyara. Amma tun da ka buɗe ƙofa bari in shiga da takalmina. Na shekara fiye da 40 ina taɓa ogan a majami'a, kuma ra'ayina ke nan: ba a yi babbar asara ba da aka manta sunansa. Ɗauki waƙar Isaac Watts ko ta Charles Wesley, tsofaffin marubuta waƙoƙin sujada na Ingila, fasto zai yi wa'azin wata guda a kan aya ɗaya bai ƙare ba. Ɗauki ta Bliss, layi biyu, sai amshi, sai amshi kuma. Wajen kiɗa, do da fa da so ne kawai, yaro mai wata uku da koyo zai buga. Alewa ce. Tana da daɗi a baki, amma ba a kwana da ita a ciki. Daga wurinsu aka fara gangarowa har muka iso yau da ake maimaita layi ɗaya sau 30 ana kiransa sujada.

Yohanna Kibod
Baba Dattijo, ranka ya daɗe, ni ne yaron nan mai wata uku da koyo, kuma ba don irin waƙoƙin nan ba da na gudu tun makon farko.

Talatu (mai kula da zaure)
Yohanna, a hankali da Baba. A ci gaba, muna saurare.

Fasto Ishaya
Baba, kafin mu yanke wa Bliss hukunci mu dubi inda ya fito. An haife shi ranar 9 ga Yuli 1838 a wani gidan katako a dajin Pennsylvania. Mahaifinsa talaka ne mai son waƙa da addu'ar safe, abin da ya gada ke nan. Yana ɗan shekara 10 ya fara jin fiyano a rayuwarsa. Ya je talla cikin gari ba takalmi, ya ji sauti na fitowa daga wani gida, ƙafarsa ta ja shi har cikin falo. Da matar ta tsaya ya roƙe ta ta ƙara. Ta dube shi ta kore shi, har da gorin manyan ƙafafunsa. Yana da 11 ya bar gida neman na kansa: gona, dafa wa masu saran itace abinci, injin tsaga katako. Makaranta sai in aiki ya yi sauƙi. Duk da haka kafin ya kai 20 ya zama malamin makaranta.

A 1859 ya auri Lucy Young a wani ƙaramin gari mai suna Rome, nan Pennsylvania. A 1860 aka buɗe kwas na kiɗa na mako 6 a Geneseo, jihar New York, kuɗinsa dala 30, ba shi da su. Kakar matarsa ce ta kwance ɗan abin da ta daɗe tana tarawa ta ba shi. Da wannan ilimin ya sami tsohuwar goɗiya da ƙaramin ogan, irin wanda ake taka wa iska da ƙafa, yana bin ƙauyuka yana koya wa manoma waƙa da dare. Waƙarsa ta farko da ya aika wa kamfanin buga waƙoƙi na Root & Cady a Chicago, sarewa ya roƙa a ba shi a madadin kuɗi, suka aiko masa.

Abin da nake so Baba ya gani: wanda ya shekara yana koya wa mutanen da suka yini a gona waƙa ya san nawa kunne zai iya ɗauka a zama ɗaya. Ya san in jama'a ba su kama amshi a aya ta biyu ba, waƙar ta mutu. Da gangan ya sauƙaƙa.

Dattijo Istifanus
Fasto, labarin ya taɓa ni, amma talaucin mawaƙi ba ya ƙara wa waƙarsa nauyi. Watts ma ai don jama'a ya rubuta.

Mama Saratu
Baba Istifanus, ka yi mini haƙuri in sa baki, ni ban san do da fa ba. Shekara 6 ke nan da rasuwar maigidana. Ranar da aka kawo shi majami'a aka ɗaga waƙar nan da Bulus ya ambata. Na buɗe baki in yi aya ta fari, ba abin da ya fito, maƙogwaro ya kulle. Ta biyu ma haka. Da aka zo amshi, ka san yadda yake: mata su faɗi kalma uku a kan murya ɗaya su riƙe, maza su amsa daga ƙasa, mata su sake, maza su sake amsawa. Wannan na iya. Murya ɗaya ce, ba hawa ba sauka, ko mai kuka zai iya riƙe ta. Ina riƙe, ina jin muryoyin maza a ƙarƙashina kamar an sa mini hannu a baya kada in faɗi. In wannan ce alewa, to ranar ita na iya haɗiya.

Yohanna Kibod
Mama ta faɗi abin da na kasa faɗa. A solfa amshin nan so, so, so ne kawai ga masu babbar murya, sau biyu, sannan a hau. Duk motsin yana wurin maza. Baba, wanda bai san aikinsa ba ba zai bar murya ta tsaya cik a daidai wurin nan ba, zai so ya nuna gwaninta.

Dattijo Istifanus
Saratu, Allah ya ƙara miki ta'aziyya. Wannan ɗaya na sallama, kuma ku lura kalmomin ba nasa ba ne. Zan ƙara muku da guda: Hallelujah, What a Saviour, wadda ya ɗauko daga Ishaya 53, mutum mai baƙin ciki. Wannan tana da ƙashi, ba ta da dogon amshi, kowace aya tana ɗauke da koyarwa. Ita kam ko kusa da Wesley ka ajiye ta ba za ta ji kunya ba. Amma Hold the Fort fa? Waƙar fareti ce. Tun muna yara muke buga ƙafa da ita, ba mu san ko wace ganuwa ake cewa mu riƙe ba.

Bulus Kwayamasta
Baba, za ka yi dariya: shi kansa Bliss yana bayanka a wannan. Sankey ya ba da labari cewa Bliss ya gaya masa ba ya fata a riƙa tuna shi da wannan waƙa, don yana ganin ya yi waɗanda suka fi ta. To je ka Rome ka ga dutsen tunawa da aka kafa masa a 1877. Abin da aka sassaƙa a kai shi ne: marubucin Hold the Fort.

Asalinta daga yaƙin basasar Amurka ne. A Oktoba 1864 sojojin Kudu suka kewaye wani ƙaramin sansanin sojojin Arewa a mashigin Allatoona, jihar Georgia, inda aka tara abincin runduna. Daga kan dutsen Kennesaw aka yi musu alama da tuta cewa su daure, Janar Sherman na tafe. Suka daure har maharan suka janye. Manjo Daniel Whittle, wanda ya yi yaƙin, shi ya ba da labarin a wani taro a Rockford, jihar Illinois, a 1870, Bliss na zaune. Ya haɗa shi da Ru'ya ta Yohanna 2:25, ku riƙe abin da kuke da shi har in zo. Waƙar ta bazu har ta fi ƙarfin majami'a, ƙungiyoyin ƙwadago a Amurka da Birtaniya suka ɗauki muryar suka sa nasu kalmomin na yajin aiki.

Rifkatu
To ai yadda 'yan siyasa ke yi wa waƙoƙin zumunta ke nan lokacin kamfe.

Fasto Ishaya
Ni kuma in za a kama shi da laifi, a Almost Persuaded zan kama shi. Ta fito daga Ayyukan Manzanni 26:28, inda Sarki Agaribas ya amsa wa Manzo Bulus. Tsohuwar fassarar Turanci ta sa shi kamar yana cewa saura kaɗan ka rinjaye ni. Sababbin fassarori da yawa suna karanta wurin a matsayin tambaya, kusan ba'a: a ɗan wannan lokaci kake tsammani za ka mai da ni Kirista? Ka ga ginin waƙar yana kan karatu ɗaya ne. Kuma an yi ta ne don ƙarshen wa'azi, lokacin kiran mutane su fito gaba, a rera a hankali, a ƙare da cewa saura kaɗan amma an ɓata. Na ga inda aka rera irinta sau biyar a taron farkawa har sai da yara suka fito don tsoro. Mako biyu baya ba ka ganin kowa. Wannan nauyin masu taro ne, amma waƙar ta ba su igiya.

Danladi Injiniya
Ku bar ni in shigo ta wajen da na sani, wato gadar da ta kashe shi, don a WhatsApp ana ba da labarin kamar tsawa ce ta faɗo daga sama.

Bliss da Lucy sun yi Kirsimati a Rome wurin dangi. Aka kira shi ya zo Chicago ya yi waƙa a taron Moody na ƙarshen shekara. Suka bar 'ya'yansu maza biyu, mai shekara 4 da mai shekara 1, a hannun dangi. Ranar Juma'a 29 ga Disamba 1876, wajen ƙarfe bakwai da rabi na dare, cikin guguwar ƙanƙara, jirginsu Pacific Express ya hau gadar kogin Ashtabula a jihar Ohio, tasha na gabansu kaɗan. Kan jirgi biyu ke jan tarago 11. Direban na gaba ya ji ƙarar karyewa, ya buɗe wuta ya haye. Na biyun da taragun duka suka rufta ƙasa, zurfin kusan mita 21.

Faɗuwar ba ita kaɗai ta yi kisan ba. Taragun na katako ne, kowanne da murhun ɗumama ɗaki da fitilu. Cikin mintuna wuta ta kama. Mutanen gari suka zo, amma ba a yi wani ƙoƙarin kirki na kashe ta ba. Cikin mutum kusan 160, 92 suka mutu, da yawansu ba a gane su ba.

Gadar shekararta 11 kacal. Tsarinta irin wanda aka saba yi da katako ne, shugaban kamfanin, Amasa Stone, ya dage sai an yi shi da ƙarfe zalla, a tsawon da ya kai mita 47. Injiniyan da ya zana masa ya ce ƙarafan sun yi ƙanana, suka saɓa, ya bar aikin. Bayan an gama kuma ba a yi mata duba na ƙwarai ba duk shekarun nan. Masu bincike sun ɗora laifin a kan kamfanin. Babban injiniyan layin, Charles Collins, an tsinci gawarsa da harbin bindiga a ɗakinsa a Janairu 1877. Stone ya kashe kansa a 1883. Don haka in muna cewa kwanansa ne ya ƙare, mu ƙara da cewa wani ne ya ƙi jin maganar injiniya.

Mama Saratu
Wayyo, yaran nan. Ɗana Danladi, gaskiya ne abin da na ji, wai ya fita da ransa ya koma don matarsa?

Danladi Injiniya
Mama, labarin daga bakin wani fasinja da ya tsira ya fito, jaridu suka ɗauka: wai Bliss ya fita ta taga, ya ga Lucy ta maƙale cikin ƙarafan kujeru, ya koma, wuta ta cinye su tare. Shaidar mutum ɗaya ce, cikin dare da hayaƙi. Abin da ya tabbata shi ne Whittle ya zo wurin ya yi kwanaki yana tona toka, bai sami gawarsu ba, bai sami ko wani abu nasu da zai kai wa dangi ba. Waɗanda ba a gane ba an binne su tare a maƙabartar Chestnut Grove a Ashtabula. Dutsen da Kawu Bulus ya ambata a Rome babu kowa a ƙarƙashinsa.

Fasto Ishaya
Na sha ba da labarin tagar nan a bagade kamar ina wurin. Daga yau zan riƙa cewa "wani da ya tsira ya ce".

Akwatin kayan Bliss dai ya isa Chicago lafiya, don ba a jirgin yake ba. A ciki aka sami kalmomin da bai kai ga yi musu murya ba, waɗanda muka sani da I Will Sing of My Redeemer. James McGranahan ya ɗora musu murya, kuma shi ya gaji Bliss wajen bin Whittle wa'azi. Wani abin kuma: Let the Lower Lights Be Burning Bliss ya yi ta ne daga labarin da Moody ya bayar na jirgin ruwan da ya farfashe a bakin tashar Cleveland, saboda babbar fitila na ci amma ƙananan fitilun bakin gaɓa sun mutu. Daga Ashtabula zuwa Cleveland bai kai kilomita 100 ba, duka a bakin tafkin Erie, kuma can jirgin ya nufa a daren.

Rifkatu
Ni abin da nake so in ji, ya yi kuɗi da waƙoƙin nan? Don mawaƙanmu na yanzu sai an tura rabi a asusu kafin su hau mota.

Bulus Kwayamasta
Ya samu, bai riƙe ba. A Root & Cady albashinsa dala 150 ne a wata, kuɗi mai kauri a lokacin, ga shi shugaban mawaƙa a babbar majami'a a Chicago. Moody ya yi ta aiko musu da wasiƙu daga Scotland, shi da Whittle, su bar aiki su shiga bishara gaba ɗaya. A 1874 suka bari. A shekarar ya fitar da littafin Gospel Songs, a 1875 kuma shi da Sankey suka fitar da Gospel Hymns and Sacred Songs. Daga littattafan nan sunan "gospel" ya manne wa irin waƙoƙin. An ruwaito cewa rabonsa ya kai kimanin dala 30,000, ya zuba a aikin bishara da taimako. Da ya mutu sai da Moody ya roƙi yaran Makarantun Lahadi su kawo kwabo-kwabo, da shi aka kafa dutsen aka kuma yi wa marayun tanadi.

Amma Rifkatu, kada mu mai da wannan sanda. Ni ma na san mawaƙin da aka gayyata taron kwana uku aka sallame shi da "Allah ya saka" da kuɗin da bai kai na mota ba.

Malam Sani
Assalamu alaikum. Ni baƙo ne a wannan fage, Bulus abokin aikina ne a makaranta, shi ya jawo ni zauren saboda harkar Hausa. Ina jin waƙoƙinku ta katanga kowace Lahadi shekara da shekaru, kuma akwai abin da kunnena ke kamawa. Idan matan zumunta suka ɗaga waƙa da tulu da kacau-kacau, ina jin kowace kalma daga ɗakina. Idan aka ɗauko na littafi da Hausa, sai in ji Hausa ce amma sai na kasa kunne sosai kafin in tsinci abin da ake faɗa.

Dalilin a fili yake. Waƙar Turanci tana tafiya ne da inda ake danna murya. Hausa kuwa da tsawon gaɓa take tafiya, mai nauyi da marar nauyi, ga kuma karin sauti na hawa da sauka. In ka ɗauki muryar da aka ɗinka wa Turanci ka cusa mata Hausa, dole wani wuri ka ja gajeren wasali ko ka guntule dogo. Ja farkon "gari" ka ga ka tashi daga birni ka koma buhun masara. Marubuta waƙoƙinmu na ƙarni na 19 sun san wannan sarai. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta koyar da matan ƙauye ta hannun malamai mata da ake kira jaji, kuma an auna baitocin yadda za su zauna a bakin mai daka da mai kaɗi. Da na karanta abin da Fasto ya rubuta kan koya wa manoma waƙa da dare, ita ta faɗo mini a rai.

Yohanna Kibod
Malam ya tono mini asiri. Bara na ce zan fassara Jesus Loves Even Me wa yaran Makarantar Lahadi. Na sa "yana ƙaunar mu duka", sai dogon sauti ya faɗa kan "du". Yara suka rera da ƙarfinsu: duuuka. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, Uncle, wa za a daka? Ranar ban ƙara koyar da komai ba.

Talatu (mai kula da zaure)
Yohanna ka kashe ni da dariya. Malam Sani, sannu da zuwa, zauren naka ne.

Dattijo Istifanus
Malam, barka da zuwa. Amma a yi wa waɗanda suka yi mana Littafin Waƙoƙi adalci. Mutanen ƙungiyar mishan ta SIM sun fara zuwa a 1893, na ƙungiyar mishan ta SUM a 1904, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932. Sun zo da waƙoƙin da suka tashi da su a bakinsu, irin na Moody da Sankey, suka zauna da 'yan ƙasa suka juya su iyakar iyawarsu. Kuma yawancinmu da muka rera su Hausa ba harshen uwarmu ba ne, ita ce ta haɗa mu, mutumin Filato da na Kudancin Kaduna da na Adamawa a benci ɗaya. Mahaifina da littafin nan ya koyi karatu. In ka taɓa mini kalma ɗaya a waƙar da aka binne shi da ita, za mu ɓata.

Bulus Kwayamasta
Baba, ɗazu alewa ce, yanzu kuma ba a taɓa ta?

Dattijo Istifanus
Alewar ubana ce. Kai dai ka kiyaye ni.

Bulus Kwayamasta
Na kiyaye, ranka ya daɗe. Amma ga inda maganar Malam ta kai ni. Duk abin da Bliss ya yi, ya yi ne don mai saran itace ya ji kalma ya kama ta a zama ɗaya. Mu kuma mun ɗauki waƙoƙinsa mun sa musu riga da hula, muna kwana uku muna haddar solfa, mu rera da Turancin da rabin majami'a ba sa ji, ko da Hausar da aka murɗe wa wuya. A jana'izar ranar Asabar da Turanci muka yi. Tsofaffin da ke gaba, ƙawayen marigayiyar, suna kallonmu ne kawai har muka zauna. Da zumuntar mata suka tashi da tasu, mai layi biyu da amshi, majami'a duka ta ɗauka, har masu tsaye a waje. Na zauna da rigar kwaya ina tunanin wa ya fi kusa da mutumin nan mai goɗiya da ƙaramin ogan, mu ko su.

Mama Saratu
Yau kuma kwaya ce ke yabon zumunta? Talatu, ki ajiye mini wannan saƙo kada ya goge. Amma Bulus, kada ka yar da waccan. Ka gyara mata Hausa yadda za ta zauna, ka bar mini amshin yadda yake, da mazan a ƙasa.

Malam Sani
In kuna so, ku turo mini ma'anar kowane layi da inda dogayen sautuka suke, in gwada jera gaɓoɓin. Sauran na tauhidi naku ne, ni awo kawai zan duba.

Dattijo Istifanus
In za ku yi, ku yi wa sababbi, ku bar na littafi. Kuma kada Yohanna ya sa mata ganga.

Yohanna Kibod
Baba, tulu fa?

Dattijo Istifanus
Tulu sai na ji da kunnena tukuna.

Bulus Kwayamasta
To, Alhamis ƙarfe huɗu bayan an tashi daga makaranta. Malam, zan kawo maka takardar har ofis gobe. Mama, ki zo da mata biyu masu riƙe murya. Baba, kujerarka na nan kusa da ogan, sai dai fedal ɗin hagu har yanzu yana maƙalewa.